Inda za ka sa hannunka: aikin kula da yara a sansanin bazara na Amurka

Duk wanda ya samu gurbin kula da yara a sansanin hutun bazara a Amurka, kafin ya sa yaro ko ɗaya a ido sai an yi wajen mako guda ana horar da shi. Za a koya masa waƙoƙin sansani, a nuna masa inda ake taruwa idan gobara ta tashi, amma abin da zai fi cin lokaci shi ne maganar hannunsa: inda zai sa shi, inda ba zai sa ba, da wanda ya kamata ya kasance a wurin yana gani. Mu da muke shiga daga ƙasashen waje da bizar J-1, wadda ke ba wanda ya cika shekara 18 damar yin wannan aiki na abin da bai wuce wata huɗu ba, mu ne abin ya fi ɗaure wa kai. An ɗauko ka ka zame wa yara yaya kuma uba daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, sannan tun ranar farko a ce maka kada ka ɗora yaro a cinya, kada ka goya shi, kada ka yi masa cakulkuli, kada ka zauna a kan gadonsa.

Ni a wani sansanin yara maza na yi aiki, a jihar Maine, a bakin tafki, ina kwana ɗakin katako ɗaya da 'yan shekara takwas da tara. Kowane sansani da littafin dokarsa, kuma idan abin da na faɗa ya saɓa da naku, naku za ka bi. Amma ginshiƙin ɗaya ne ko'ina: kada wani abu ya gudana tsakaninka da yaro wanda wani babba ba zai iya gani ba, ko ba zai iya shigowa ya katse ba. Wanda ya riƙe wannan zai iya fito da sauran dokokin da kansa ko ba a karanta masa su ba.

Ka fara da sanin inda tsananin ya samo asali, domin wanda bai sani ba yakan ɗauka shi ake zargi, ya yi ta cika yana batsewa. A 2012 kotu a Pennsylvania ta samu Jerry Sandusky, tsohon mataimakin kocin ƙwallon Amurka na jami'ar Penn State, da laifuka 45 na lalata da yara, kuma ta gidauniyar taimakon yara da ya kafa da kansa yake samun su. A Janairun 2018 aka yanke wa Larry Nassar, likitan tawagar 'yan wasan tsalle da alkafura ta Amurka, ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata sama da 150 sun faɗa wa kotu abin da ya yi musu da sunan magani, wani lokaci ma iyayensu na zaune a ɗakin amma ya kare musu gani. A Fabrairun 2020 ƙungiyar Boy Scouts of America ta 'yan sikawut ta garzaya kotun fatara saboda yawan ƙararrakin lalata da yara, daga baya mutum sama da 82,000 suka shigar da kokensu. Duk cikin waɗannan babu wanda ya diro daga daji. Mutane ne da kowa ya amince da su, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ta'asa wanda yaron ko danginsa suka sani ne yake aikatawa.

Mai mugun nufi ba da babban abu yake farawa ba. Da cakulkuli yake farawa, da kokawar wasa, da alewa a ɓoye, da “zo ka raka ni ɗakin ajiya”. Kowanne cikinsu shi kaɗai ba laifi ba ne, mutanen kirki ma suna yi, kuma nan ne mafakarsa. Daraktan sansani ba zai iya leƙa zuciyar ma'aikatansa ba, abin da suke yi kawai yake iya gani. Amma idan duk mutanen kirki suka bar cakulkuli da goyo, mutum ɗaya da ya ƙi bari sai ya fito fili tun kafin ya kai ga abin da yake nufi. Don haka bin dokar da kake yi, kai da ka san kanka, shi ne yake sa ta aiki a kan wanda ba a sani ba.

Doka ta farko da za ka haddace ita ce ta mutum uku. Kada ka taɓa zama kai kaɗai da yaro ɗaya a inda ba a ganin ku. Ko manya biyu da yaro ɗaya, ko kai da yara biyu. Ƙungiyar American Camp Association, mai tantance sansanoni, ta sa babba ɗaya ga yara 6 a sansanin kwana idan 'yan shekara 6 zuwa 8 ne, babba ɗaya ga yara 8 idan 'yan 9 zuwa 14 ne, saboda haka yawanci ku biyu ne a ɗaki. Abokin aikin nan naka shi ne shaidarka, kai ma kai ne tasa. Ku shirya tun farko wanda zai tsaya da wanda zai tafi, kada sai abu ya taso ku hau kame-kame. Yaro ya manta tawul a ɗaki kuna bakin tafki? Ka ce ya zaɓi aboki ku tafi ku uku, kai ka tsaya a bakin ƙofa su shiga. Za ka kai shi wurin nas? Haka nan, da ɗan rakiya, kuma ka faɗa a oba-oba cewa ga ku nan zuwa. Idan yaro yana son ya gaya maka abin da ba ya so sauran su ji, ku zauna a barandar ɗaki ko a bencin gefen fili, inda kowa na hangen ku amma ba ya jin ku. Wata rana kuma za ka shiga ɗaki ɗaukar tocila ka tarar da yaro ɗaya zaune. Kada ka firgita shi da gudu. Ka bar ƙofa a buɗe, ka ce, “Taso mu yi magana a waje,” ka riga shi fita.

Taɓawar da aka yarda da ita ba ta da yawa, amma ta isa. Ku tafa, ku gwara dunƙulen hannu, ka ɗan dafa kafaɗa ko saman baya ka sauke. Runguma a sansaninmu ta gefe ce, kafaɗa da kafaɗa, hannu ɗaya a kan kafaɗarsa, 'yan daƙiƙu, kuma shi zai fara ko ka tambaye shi. Duk inda kayan wanka a tafki suke rufewa ba wurin hannunka ba ne, ko a wasa. Babu sumba, babu tausa, babu kokawa, babu ɗaga yaro sama ka wurga shi ruwa ko da yana roƙon ka, kuma za su roƙa. A sansanonin mata kitso yana cikin abin da ake tambaya: wasu sun yarda a yi a fili da rana, wasu sun ce yara su yi wa juna. Ki tambaya tun makon horo.

Inda abin yake ciwo shi ne dare. Kwana biyu ko uku da zuwa, bayan an kashe fitila, za ka ji shessheka daga wani gado. Kewar gida ce. Yaro ɗan shekara takwas, karo na farko da ya kwana nesa da mahaifiyarsa, ya cusa kai cikin jakar barci yana kuka a hankali don kada a yi masa dariya. Duk jikinka zai ce ka hau gadon ka rungume shi. Ba za ka yi ba, kuma ba zan ce wannan hani bai da hasara ba. Yana da ita. Akwai daren da runguma ce maganin, kuma an hana ka. Na dai yarda hasarar ta fi sauƙi a kan abin da ake gudu.

Ga abin da yake aiki. Ka tashi abokin aikinka ko ka tabbatar idonsa biyu. Ka kunna tocila ka haska ƙasa. Ka zauna a dandaɓe kusa da gadon, ba a kansa ba, yadda kanka zai yi daidai da nasa. Idan a gadon sama yake, ka tsaya a gefe, hannunka a kan katakon. Ka rage murya ka kira sunansa. Kada ka ce “daina kuka, kai fa namiji ne”, kuma kada ka yi masa alkawarin gobe za a kira gida, domin yawancin sansanoni ba sa barin waya a kwanakin farko, kuma yaro ba ya manta alkawari. Ka ce, “Kewar gida kake? Kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa jin haka.” Ka tambaye shi sunan karensa, ko abin da babansa yake yi kafin a kwanta. Ka miƙa masa 'yar tsanar da ya zo da ita, ko bargon, ya rungume. Ku ja numfashi tare, ka ƙirga masa huɗu a shaƙa, huɗu a fitarwa. Sannan ka ba shi aikin gobe: shi zai riƙe tutar ɗaki zuwa cin abincin safe, ko bayan kalaci ku rubuta wasiƙa gida. Idan ya miƙo hannu, ka gwara naka da nasa, ko ka dafa kafaɗarsa ta saman bargo ka ɗauke. Abin da ya fi komai kwantar da su, a yadda na gani, shi ne ka ce, “Ina nan zaune har ka yi barci,” kuma ka zauna ɗin. Bayanka zai ƙage, sauro zai cije ka, amma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Da safe ka gaya wa shugaban rukuni abin da ya faru.

Fitsarin kwance ma a wannan shekarun ba baƙon abu ba ne. Yaro zai canza kayansa da kansa a banɗaki, kai kana waje. Shimfiɗar kuwa, ka bari sai an tafi cin abinci, ɗayanku ya dawo da safar hannu ya kwashe ta zuwa wanki, a mayar da ita kafin lokacin hutun rana, babu wanda ya sani. Ku yi wata alama da yaron, misali ya ɗora takalminsa ɗaya a kan gado idan abin ya faru, ba sai ya yi magana ba.

A kowane ɗaki akwai yaro guda mai manne wa mutum. Ka zauna, ya haye cinyarka. Ka tashi, ya ɗafe bayanka. Sau da yawa shi ne wanda ya fi buƙatar kulawa, don haka kada ka ture shi kamar ya yi laifi. Ka buga ƙasa a gefenka da tafi, ka ce, “Ga wurinka nan kusa da ni.” Idan ya taho a guje zai rungume ka ta gaba, ka juya kafaɗa ya zama ta gefe, kana dariya, sannan ku tafa. Wata dabara da tsofaffin ma'aikata suka koya min ita ce zama a gwiwa ɗaya ko ɗora allon rubutu a cinya lokacin zaman wutar dare, sai cinyar ta zama babu ita. Idan ya tambaye ka dalili, ka faɗa masa gaskiya a taƙaice: dokar sansani ce ga kowa, ba don ba ka son sa ba. Kuma ka yi wa kowa iri ɗaya. Gaisuwar hannu ta musamman da kowane yaro yake da tasa abu ne mai kyau. Kyauta ga yaro ɗaya a ɓoye, ko sirri tsakaninka da shi, wannan ita ce hanyar da aka ce a toshe.

Man kariyar rana, yara su shafa da kansu, su taimaki juna a baya, kai ka tsaya ka duba wanda ya tsallake kunne da ƙeya. Idan akwai na fesawa, ka fesa shi ya murza. Kaska kuma a arewa maso gabashin Amurka ba abin wasa ba ce, ita ke ɗauke da cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari a Connecticut inda aka gano ta a shekarun 1970. Kullum da yamma sai an duba jiki. Kai za ka tsaya ka riƙa kiran wurare, bayan kunne, cikin gashi, hammata, bayan gwiwa, tsakanin yatsun ƙafa, su kuma su duba. Wuraren da kamfai ya rufe kowa ya duba nasa a ɗakin wanka. Wanda ya ga wani abu, wurin nas, ba kai za ka cire ba. Lokacin wanka ka tsaya a ƙofar waje inda kake jin hayaniyarsu, kana kiran lokaci, ba ka ganin kowa. Kai ma ba ka canza kaya a gabansu, kuma wankanka lokacinsa daban.

A wurin koyarwa dole hannu ya shigo, to sai baki ya riga shi. Ɗamarar hawa bango ko igiya, yaro ya sa da kansa kana nuna masa a jikinka, sannan ka ce da ƙarfi yadda na kusa zai ji, “Zan ja maɗaurin ƙugunka in ga ko ya kama, ka yarda?” Rigar kariya daga nutsewa ana gwada ta ne da jan kafaɗunta sama, ka faɗa kafin ka ja. Wajen harbin baka, ka fara da kwatance, in bai gane ba ka nemi izini ka gyara gwiwar hannu. Idan ya ce a'a, a'a ɗin ce, ka nemi wata hanya. Ranar farko za ka ji kanka kamar mai sanarwa a rediyo, daga baya ya zame maka jiki.

Duk wannan yana tsayawa ne idan rai na cikin haɗari, kuma ina so wannan ya zauna maka sosai, domin na ga sabbin ma'aikata da horo ya tsorata har suna jinkiri a inda bai kamata ba. Yaro yana nutsewa, ka yi abin da aka koya maka ka fito da shi. Abinci ya shaƙe shi ba ya iya tari, ka zagaya bayansa ka matsa cikinsa. Ƙudan zuma ya harbi mai borin jini, fuska ta fara kumbura, numfashi yana sarƙewa, allurar gaggawa ta EpiPen a gefen cinya ta waje ake soka ta, ko ta saman wando, sannan a kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Ya nufi gaban mota, ka fizgo shi. Babu daraktan da zai tuhume ka. Faɗa tsakanin yara kuwa, murya ce farko, sannan ka shiga tsakani da jikinka hannuwa a buɗe, ka kira taimako a oba-oba. Kada ka danne yaro ko ka murɗe masa hannu. Riƙe yaron da ya fita hayyacinsa horo ne na musamman, ba kowa aka ba shi ba. Duka kuwa, ko dungure kai, ko jan kunne, a ranar za ka haɗa kayanka, kuma tun da bizarka a kan aikin take, zamanka a ƙasar ma ya zo ƙarshe.

Bayan kowane irin wannan, ka rubuta. Takardar rahoto tana ofis: lokaci, wuri, wanda yake nan, abin da ka yi, babu ado. Har ƙananan abubuwa. Ana wasan ƙwallo hannunka ya bugi inda bai kamata ba, ka ce “yi haƙuri” a take a gaban kowa, ka gaya wa shugaban rukuni kafin dare. Labarin da ka kai da bakinka ya sha bamban da wanda uwa za ta karanta a wasiƙar ɗanta bayan mako guda.

Abin da ya fi wa mutane nauyi shi ne kai rahoton abokin aiki. Kuna kwana ɗaki ɗaya, kuna fita hutu tare, sai ka ga kullum yaro ɗaya yake ja gefe, ko yana yawan kokawa da su bayan an hana. Ba aikinka ba ne ka tantance niyyarsa, kuma ba cewa ka yi mugu ne ba. Ka faɗa wa shugaba abin da idonka ya gani. Yawanci gargaɗi ne kawai zai biyo baya, mutumin ya gyara. Amma idan mutum uku kowa ya ga ɗan abu ya yi shiru don kunya, babu wanda zai haɗa su wuri ɗaya ya ga hoton.

Idan kuma yaro ne ya buɗe baki ya gaya maka wani yana taɓa shi, a gida ko a sansani, ka natsu, kada fuskarka ta nuna firgici. Sau da yawa zai fara da, “Ka yi alkawari ba za ka gaya wa kowa ba.” Kada ka yi. Ka ce, “Idan wani yana cutar da kai, dole in gaya wa wanda zai taimaka, amma ba zan gaya wa yara ba.” Ka saurara, kada ka yi ta tona da tambayoyi ko ka sa masa magana a baki, domin hakan yana iya ɓata binciken da ƙwararru za su yi. Ka ce ka yarda da shi, kuma ba laifinsa ba ne. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. A Maine doka ta ambaci mai kula da yara a sansanin bazara cikin waɗanda wajibi ne su kai rahoto ga hukuma, kuma zato mai dalili ya isa, ba sai kana da hujja ba. A Pennsylvania, bayan shari'ar Sandusky, an gyara doka yadda ma'aikaci zai sanar da hukuma da kansa kafin ya gaya wa shugabansa. Jiha da jiha sun bambanta, saboda haka tun makon horo ka tambayi ta jiharku, ka rubuta lambar da ake kira a bayan katin aikinka.

Dokar ba ta ƙarewa ranar da motoci suka zo kwasar yara. Za su nemi lambarka, manyan cikinsu su neme ka a Instagram ko Snapchat. Kada ka karɓa, kuma ka kulle shafukanka tun kafin ka tafi. Hotunan yara ba a ɗaukarsu da wayarka, sansani yana da mai hotonsa da izinin iyaye a rubuce. Iyaye za su iya gayyatarka gida ko su ce ka riƙa zama musu da yaro. Ka tambayi darakta kafin ka amsa, wurare da yawa sun hana. Yaron da ya nace yana son rubuto maka, ka ba shi adireshin ofishin sansani, su za su turo maka, amsarka ma ta nan za ta bi.